Yadda Ake Kare Yarinya Daga Kaciya da Yankan Angurya a Legas, Daga Cikin Gida Har Kotu

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace 20 cikin kowace 100 masu shekara 15 zuwa 49 a Nijeriya an yi musu kaciya, kuma kashi 86 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa ba su cika shekara biyar ba aka yanke su. A gidajen Hausawa abin ba ya ma kai wannan lokacin, yawanci cikin makon haihuwa ake gamawa, ranar suna ko kafin ta. Duk wanda ke son ya kare yarinya, 'yan kwanaki ne a hannunsa. Dokokin Legas suna da ƙarfi sosai kafin aska ta taɓa jiki, bayan nan kuwa abin da ya rage magani ne da hukunci.

Za ka ji mutanenmu a Agege, Idi-Araba, Mile 12 ko Alaba Rago suna cewa ai mu ba ma yi, al'adar mutanen Kudu ce. Gaskiya ne a binciken na 2018 alƙaluman manyan mata sun fi yawa a Kudu maso Gabas, kashi 35, da Kudu maso Yamma, kashi 30. Amma cire angurya (yanke ɗan nama a bakin farji) da yankan gishiri (tsaga cikin farji da aska) da ake yi a wajenmu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka su cikin nau'i na huɗu na kaciyar mata. Kuma a daidai lokacin da adadin manyan mata ya sauka daga kashi 25 a 2013 zuwa 20 a 2018, na yara 'yan ƙasa da shekara 15 hawa ya yi, daga 16.9 zuwa 19.2.

A fara da sanin wa, yaushe, a ina

Tun ciki yana wata bakwai ya kamata a bincika, cikin ruwan sanyi. Shin an yi wa matan gidan mijin? An yi wa yayyen jaririyar? Wane wanzami ne gidan ke kira, kuma wace ungozoma ce za ta yi wankan jego? Idan amsar tambaya ta farko ko ta biyu eh ce, a ɗauka za a yi wa wannan ma, ko da ba wanda ya furta. Idan auren haɗin ƙabila ne, a bincika ɓangaren biyu, domin Yarbawa ma suna da masu yi nasu da ake kira olola.

Lokutan haɗari sanannu ne: kwana uku zuwa bakwai bayan haihuwa, tafiya wankan gida, dogon hutun makaranta, tafiyar Sallah, da kuma zuwan kaka daga Arewa don taya jego. Kalaman da ake ji su ne "za a duba ta", "za a gyara ta", "tana da angurya shi ya sa take kuka", "ba ta kama nono". Da wuya a ambaci kalmar kaciya.

Abin da ake gani a jikin jaririya

Yawancin masu sa a yi yankan ba da mugunta suke yi ba, wani abu suka gani ya ba su tsoro. Jaririya sabuwar haihuwa takan zo da gabanta a ɗan kumbure, da farin ruwa mai yauƙi, wani lokacin har da ɗigon jini a makon farko. Wata kuma ana ganin ɗan farin nama ya leƙo a bakin farji. Duk wannan aikin sinadaran jikin uwa ne da suka shige ta tun tana ciki. Ɗan naman nan, wanda shi ne aka fi nunawa a ce angurya, gefen tantanin budurci ne, kuma yana komawa da kansa cikin 'yan makonni. Ba ya hana kama nono, ba ya sa kuka, ba ya hana aure ko haihuwa.

Akwai yarinyar da ake haifa da tantanin a rufe ruf. Ba kasafai ake samu ba, kuma aikin likita ne a ɗakin tiyata bayan an tabbatar. Don haka matakin farko mai sauƙi: kafin a sallame ku, ko washegari idan a gida aka haihu, a nemi nas ko likita ya duba gaban jaririyar, ya rubuta a katinta cewa lafiya lau yake. Wannan rubutun yana amfani sau biyu. Da shi za a kwantar wa kaka hankali, kuma shi ne shaidar cewa ranar kaza yarinyar ba ta da rauni. A lokacin a tabbatar an yi mata allurar bitamin K da ta rigakafin ciwon hanta.

Maganar cikin gida

Uba ne ya kamata ya yi wa mahaifiyarsa magana. Mai jego tana jin nauyin surukarta, kuma idan ita ta fara, sai abin ya koma rashin kunyar matar ɗa, a manta da jaririyar. Ba a fara da doka, ana farawa da asibiti: "Hajiya, likita ya duba ta, ya ce ba ta da abin cirewa, ga shi ma ya rubuta. Za su sake duba ta ranar allurar mako shida. In suka ga an taɓa wurin, ni za a fara nema. Don Allah a bar mini ita haka." Wannan ya ba Hajiya hanyar janyewa ba tare da an ce mata ta yi kuskure a kan 'ya'yanta ba.

Idan aka kawo addini, a nemi malamin da gidan ke girmamawa, a fara zama da shi shi kaɗai. Babu ayar Alƙur'ani da ta yi umarni da kaciyar mata. Hadisin Ummu Aɗiyya da aka fi kafa hujja da shi, Abu Dawud da ya ruwaito shi ya ce mai rauni ne. A mazhabar Malikiyya ba wajibi ba ce, kuma hukumar fatawa ta Masar ta haramta ta a 2007 bisa cutarwar da likitoci suka tabbatar. Cire angurya da yankan gishiri kuwa al'ada ce zalla.

Wanzami kuma sana'a yake yi. Kowane aiki da ladansa, don haka idan aka rage masa aiki an rage masa samu. A gan shi kwana biyu kafin suna: "Sarkin Aska, aski kaɗai za a yi. Ba angurya, ba beli, ba tsaga. Ga haƙƙinka cif kamar ka yi duka." Cire belin ma yana jawo zubar jini da shaƙewa, gara a haɗa shi cikin hanin.

Safiyar suna ita ce inda aka fi yin sakaci. Maza suna ƙofar gida ana raba goro da dabino, mai jego tana wanka, wanzami ya shigo da zabirarsa, wata tsohuwa ta karɓi jaririyar ta shige ɗaki da ita. Minti biyu ya isa. A sa mutum ɗaya amintacce, ƙanwar uwa ko gwaggo mai ra'ayi irin naku, wadda ba ta da wani aiki ranar sai riƙon jaririyar. A yi askin a fili, da sabuwar reza da aka ɓare a gabanku, kunzugu yana ɗaure har a gama.

Abin da doka ta tanada

Dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a watan Mayun 2015. Sashe na 6 ya haramta kaciyar mata. Wanda ya yi, ko ya sa wani ya yi, zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 4, ko tarar da ta kai naira 200,000, ko duka biyun. Wanda ya yi yunƙuri, ko ya zuga, ko ya taimaka, ɗaurin da ya kai shekara 2 ko tarar da ta kai naira 100,000 ko duka. Yardar iyaye ba ta wanke wanzami, sai dai ta jawo su cikin laifin. Wannan doka kai tsaye a Abuja take aiki, hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP ke kula da ita, kuma akasarin jihohi sun yi tasu irinta.

A Legas, makaman da lauya zai ɗauka su ne dokar haƙƙin yara ta jihar ta 2007, wadda ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro ta kuma hana ji masa rauni. Dokar kariya daga cin zarafi a cikin gida ta 2007, wadda ke ba da odar kariya. Da dokar laifuka ta jihar ta 2011 a kan ji wa mutum rauni. Sama da su akwai sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 da ya hana azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam. Yin abin a asibiti ko a kemis bai halatta shi ba. Ma'aikacin lafiyar da ya yi ana kai ƙararsa ga majalisar da ta ba shi lasisi, asibitin kuɗi kuma ga HEFAMAA, hukumar jihar mai sa ido kan asibitoci.

Idan lallashi bai yi ba

Kuskuren da ya fi yawa shi ne barazana: "wallahi sai na kai ku kotu." Da an ji haka sai a matso da ranar, a yi da asuba a ɓoye. A kai ƙara tukuna, hukuma ce za ta sanar da su.

Kafin fita a haɗa katin asibiti da na rigakafi, takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa idan an karɓa, fasfo idan akwai, da cikakkun sunaye da adireshin masu shirin yi. A rubuta ranar da aka ji maganar, wa ya faɗa, da wace kalma, a gaban wa. Saƙon murya na WhatsApp kada a goge, a tura wa wani amintacce ya ajiye, domin waya ce abu na farko da ake ƙwacewa idan rigima ta tashi. Kada a ɗauki hoton al'aurar yarinya da sunan shaida, ko kafin ko bayan yanka. Hoton yana iya yawo, yana kuma iya jefa mai ɗauka cikin laifi. Rahoton likita shi ne shaida.

Sai a kira hukumar jihar Legas mai yaƙi da cin zarafi a gida da na jinsi, wato DSVA, a layinta na kyauta 08000333333, ko a je ofishinta a Ikeja. An kafa ta da doka a 2021, kuma aikinta haɗa mai ƙara da jami'in walwalar jama'a, ɗan sanda, lauya, asibiti da mafaka. Idan abin yanzu-yanzu ne, wanzami yana hanya ko mota za ta tashi, a kira 112 ko 767. A faɗi magana a taƙaice: shekarun yarinya, abin da za a yi mata, yaushe, unguwa da wata alama ta kusa da gidan. Ba sai uwa ko uba ba. Maƙwabciya, malamar Islamiyya, nas, ko yayar yarinyar duk suna iya kira, kuma ana iya neman a sakaya suna.

A caji ofis a tambayi sashen kula da iyali. Shigar da ƙara kyauta ne. A tabbatar an rubuta a littafin ƙara, a karɓi sunan jami'in da aka ba aikin. Idan aka ce maganar gida ce ku je ku sasanta, a nemi ganin DPO, a kuma kira DSVA daga nan inda ake tsaye. Wadda ba ta jin Turanci ko Yarbanci ta tafi da tafinta wanda ba dangin miji ba, kuma kada ta dangwala yatsa a kan bayanin da ba a karanta mata da Hausa ba.

Uwar da ta ga dole ta bar gida da yarinyar, ta kai rahoto a ranar da ta fita. Idan ta ɓuya shiru, miji na iya riga ta zuwa ya ce an gudu masa da 'ya, sai a wayi gari ita ake nema.

Odar kotu

Legas ba ta da kotunan Shari'a irin na Arewa. Maganar yara Kotun Iyali take zuwa, a matakin majistare ko babbar kotu. Ba a barin 'yan kallo su shiga, kuma an hana yaɗa sunan yarinya. Lauyan kyauta ana samu a OPD, ofishin lauyoyin kare jama'a na gwamnatin jihar, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko hukumar ba da agajin lauya ta tarayya.

Lauya zai shigar da buƙata tare da takardar rantsuwa mai ɗauke da bayanan da aka tara. Idan an yi wa yayyen yarinyar, a faɗa, domin yana cikin hujjoji mafi ƙarfi cewa haɗarin na gaske ne. Dokar kariya daga cin zarafi a cikin gida ta 2007 ta yarda wani ya nema a madadin yarinya, kamar ma'aikacin lafiya, malami, ɗan sanda ko jami'in walwala. Ta kuma yarda alƙali ya ba da odar wucin gadi kafin a ji ta bakin wanda ake ƙara idan jinkiri zai jawo cutarwa, sannan a sa ranar da kowa zai zo.

Abin da aka roƙa shi ake bayarwa, saboda haka a roƙa dalla-dalla. A ambaci sunan kowa, har kaka da wanzami, a hana su yanka ko sa a yanka. A hana fitar da yarinyar daga jihar Legas. A sa a miƙa takardunta da fasfonta. A faɗi wurin wa za ta zauna. A nemi kuɗin ci da na magani, da rakiyar ɗan sanda idan za a koma ɗebo kaya. Oda ba ta hawa kan mutum sai an kai masa ita, don haka a bi sawu har a tabbatar an miƙa wa kowa tasa. A yi kwafi, ɗaya a jaka, ɗaya a caji ofis, ɗaya a makaranta idan tana zuwa. Wanda ya karya odar kama shi ake yi.

Tsoron da ke hana mata da yawa motsi shi ne saki da raba su da 'ya'ya. Tsoro ne mai dalili, kuma ba wanda zai ce ƙara ba ta taɓa aure. Amma ma'aunin Kotun Iyali shi ne abin da ya fi zama alheri ga yarinya, kuma uwar da ta tsaya don hana a yanke 'yarta tana da hujja mai nauyi a wannan ma'auni. Idan Sarkin Hausawan unguwa ko limami ya shiga tsakani, a karɓa hannu biyu, sulhu yana da daɗi. Sai dai a rubuta abin da aka amince, kowa ya sa hannu, kuma kada a janye odar don an yi alkawarin baki.

Tafiya gida

Da zarar mota ta bar Legas aiki ya yi wuya, domin bin odar kotun Legas a wani ƙauye mai nisa yana cin lokaci, yanka kuwa ba ya ci. Idan akwai shakka, a ɗaga tafiyar ko a yi wankan jego a nan. Idan ba makawa, uwa ta tafi tare, yarinya ta kwana a jikinta, likita ya duba ta ya rubuta kafin tashi, a kuma sanar da dangi cewa za a sake dubawa bayan dawowa. A tafi da lambar ma'aikatar mata ta jihar da za a je. Masu ƙetarawa Nijar su sani can ma doka ta haramta tun 2003. Yarinyar da ta yi wayo a gaya mata a sarari cewa ba mai ikon taɓa gabanta da aska ko reza, ko wace ce, a kuma haddace mata lambar waya ɗaya.

Idan an riga an yanka

Asibiti tukuna, faɗa daga baya. Jinin jariri kusan mililita 80 ne a kowane kilo, wato jaririya mai kilo uku jininta gaba ɗaya bai wuce rabin ledar fiya wata ba. Cokali biyu na cin abinci ya haura kashi ɗaya cikin goma. Wadda aka haifa a gida ba a yi mata bitamin K ba, jininta ba ya saurin daskarewa a makon farko, daidai lokacin da ake yankan.

A danna wurin da tsabtataccen ƙyalle ko bandeji minti goma ba ɗagawa. In ya jiƙe a ɗora wani a kai, kada a cire na farko. Ba toka, ba garin magani, ba man goge baki, ba gashi da ruwan zafi. A lulluɓe ta, a ci gaba da ba ta nono a hanya. A nufi babban asibiti inda ake ƙarin jini: asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja, asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, babban asibitin Orile-Agege, ko asibitin yara na Massey a tsibirin Legas.

A gaya wa likita gaskiyar abin da aka yi, da me, da ƙarfe nawa. Ɓoyewa don rufa wa wani asiri yana sa a yi maganin da ba shi ba. A tambayi allurar tetanus, da kariya daga ciwon hanta, da maganin kariya daga HIV idan askar an yi wa wasu aiki da ita, wanda dole a fara shi cikin awa 72. Ko jinin ya tsaya a gida, a kai ta a ranar. Bayan an dawo, zazzaɓin da ya kai 38, fari fat a tafin hannu da leɓe, kumburi ko wari, ƙin fitsari ko tsala ihu lokacin yinsa, ƙin kama nono, sandarewar muƙamuƙi, kowanne ɗaya ya isa a koma ko da tsakar dare ne. A nemi rahoton likita a rubuce. Cibiyar Mirabel da ke cikin LASUTH da cibiyar WARIF a Yaba suna duba waɗanda aka ci zarafinsu kyauta, da masu ba da shawara. Kai ƙara bayan yanka yana da amfani ko don ƙannen da ke tafe, kuma ana iya neman odar kariya a kansu.

Yankan gishiri ya fi faɗa wa manya: amaryar da aka ce "ba hanya", budurwar da al'ada ta ƙi zuwa, ko mai doguwar naƙuda. Ana tura aska cikin farji ba a ganin inda take zuwa, ga mafitsara a gaba, ga dubura a baya, shi ya sa yake jawo yoyon fitsari. Naƙudar da ta wuce awa 12 asibiti take so. Zafin saduwa da tsayawar al'ada kowanne yana da dalilin da likitan mata zai gano. Wadda yoyon ya riga ya same ta, ana gyara shi da tiyata. A fara daga sashen mata na babban asibiti a nan Legas, su yi ko su tura. Akwai cibiyoyin tarayya na wannan aiki a Babbar Ruga ta Katsina, da Ningi a Bauchi, da Abakaliki, akwai kuma cibiyar Laure a asibitin Murtala na Kano. Idan yoyon sabo ne a hanzarta, domin ƙaramin rami yakan rufe da robar fitsari kaɗai in an sa ta da wuri aka bar ta 'yan makonni.